Tausa a Gidan Manomi

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ka bi ta Bakori da Ƙafur, ko ka karkata Ɗanja da Ɗandume, ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken suya, kuma kusan duk abin da ake ci a nan da gadon baya ake nemo shi. Wanda ya wuni duƙe da fartanya a noman farko ko maimai, ko ya bi gona yana cirar auduga cikin hunturu, ko ya yi ta saɓa buhuna ranar kasuwa, kafin magariba ƙugunsa ya riƙe, wuyansa ya sage. Tun kafin a san kemis, gidajen manoma suna da abin da suke yi wa wannan gajiya, wato tausa. A ganina al'ada ce da ta cancanci a riƙe ta a matsayin magani na gaske, domin abin da ke neman maye gurbinta ya fi ta haɗari nesa ba kusa ba.

Ba a kai ta da nisa. Bayan isha'i da tuwon dare, maigida kan yi rubda ciki a tabarma ya kira ƙaramin yaro, wanda bai yi nauyi ba, ya taka masa baya, yaron na dafe da bango yana bi daga ƙugu zuwa kafaɗa. A ɗaka kuwa mata kan matsa wa miji ƙafafu da man kaɗanya ko man shanu, yanzu kuma har da man zafi na gwangwani. Kaka takan miƙe ƙafa ta ce wa jikanta, “Zo nan maigidana, matsa min sawun nan,” ya yi ta noƙewa yana neman lada, a yi ta tsokanar juna har aikin ya ƙare. Idan ciwon ya ƙi, sai a koma gashi: a tsoma tsumma a ruwan ɗumi, a matse, a danna wurin. Jariri ma da tausa yake fara sanin duniya, domin ungozoma ko kakarsa takan shafe shi da mai bayan wanka, ta miƙe masa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Targaɗe aikin maɗori ne, ƙaho kuma na wanzami. Tausa ce kaɗai kowane gida ke da gwaninta, ba a biyan ko kwabo.

Wani zai ce jin daɗi ne kawai, ba magani ba. To, likitocin zamani ba su raina ta haka ba. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians a Amurka ta ba da shawarar cewa mai sabon ciwon baya ya fara da hanyoyin da ba na ƙwaya ba, ta kuma ambaci ɗumama wurin da tausa a cikinsu. Matsa naman jiki na sassauta inda ya ɗaure, yana rage jin tsamin jiki bayan aikin ƙarfi, kuma mutum kan samu natsuwar da ke kawo barci. Wannan natsuwa ba ƙaramin abu ba ce a yankin da manoman Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka shafe shekaru suna zuwa gona da fargabar 'yan bindiga, ga tsadar taki, ga bashi. Tausa ba za ta biya bashi ba, amma wanda hannun ɗansa ko na matarsa ya taɓa shi ya san ba shi kaɗai yake ɗauke da kayan ba, kuma sau da yawa a lokacin ne bakinsa ke buɗewa ya faɗi abin da ke cin sa.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne yadda ƙwaya ta shiga gona. Matasa 'yan ƙwadago kan haɗiyi tiramol don su yi aikin mutum biyu ba tare da sun ji gajiya ba, alhali gajiyar tana nan, jin ta kawai aka kashe, ga jaraba da farfaɗiya da kan biyo baya. Sai da lamarin shaye-shaye ya kai gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Ko ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye barkatai a tebur, yawan shan su na cin ciki da ƙoda. Tausa kuwa dole sai mutum ya kwanta ya huta kafin a yi masa ita, kuma hutun nan rabin maganin ne.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba zan kauce masa ba: ba duk abin da aka gada ne alheri ba. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Gaskiya ne, amma laifin na zafin da ya wuce kima ne da kanwa, ba na hannun da ke matsa jiki a hankali ba. Sai dai ita ma tausa tana da iyaka. Ba a murza karaya, ba a danna cikin mai juna biyu, ba a taka bayan tsohon da ƙashinsa ya yi rauni. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, ko ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, ko sanyin ƙafafu da kasa riƙe fitsari, ko mai jegon da numfashi ke yi wa wuya, waɗannan Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi za a nufa da su a ranar, ba a jira wayewar gari ba.