3.2 Shari'ar Muhammad Ali da Dokar Ɗaukar Soja ta Tilas a Amurka

A wannan fasali za a duba yadda doka ta bambanta wanda aka ɗaga wa ƙafa da wanda ya ƙi amsa kira, ta hanyar nazarin shari'ar ɗan damben nan Muhammad Ali a lokacin yaƙin Biyetnam.

A wancan zamani dokar Amurka ta wajabta wa kowane namiji ya yi rajista idan ya cika shekara 18. Sai dai kuma ba kowa ake kira ba. Ɗalibin jami'a, alal misali, akan jinkirta masa har ya gama karatu, abin da ya sa nauyin ya fi faɗawa kan 'ya'yan talakawa. Akwai kuma wanda ake yafe wa ɗaukar makami saboda addininsa. Wannan sai ya cika sharuɗɗa uku, watau ya kasance yana ƙin yaƙi kowane iri, ƙin nasa ya samo tushe daga addini, sannan a tabbatar da gaske yake yi.

A shekarar 1966 Ali ya nemi wannan rangwame. Tsohon alƙalin da aka naɗa ya saurare shi ya ba da shawarar a amince, amma Ma'aikatar Shari'a ta rubuta wa hukumar ɗaukaka ƙara cewa bai cika sharuɗɗan ba. Hukumar ta ƙi shi, ba tare da ta faɗi dalili ba. Ranar 28 ga Afrilu, 1967, aka kira sunansa a Hustan, ya ƙi takowa gaba. A watan Yuni kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Bai shiga kurkuku ba domin ya ɗaukaka ƙara, amma an ƙwace kambinsa, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe.

Ranar 28 ga Yuni, 1971, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, alƙalai takwas bakinsu ɗaya. Abin lura a nan shi ne, kotun ba ta ce Ali ya cika sharaɗi na farko ba, alhali nan ne gardamar take, tun da gwamnati na cewa yaƙin da addininsa ya halatta bai ƙi shi ba. Abin da ya faru shi ne, a gaban kotun gwamnati ta yarda ya cika sauran sharuɗɗa biyu. To, tun da hukumar ba ta faɗi dalilinta ba, babu mai iya sanin ko a kan ɗaya daga cikin waɗannan biyun ta dogara. Ashe ke nan shirun hukumar ne ya cece shi. A watan Maris na shekarar kuwa, wannan kotu ta riga ta yanke, a shari'ar Gillette, cewa wanda ya ƙi yaƙin Biyetnam kaɗai ba shi da wannan rangwame.