Me Ya Raba Ilimin Zamantakewa da Hirar Teburin Mai Shayi?

In dai batun al'umma ne, kowa malami ne. A teburin mai shayi, ko cikin motar haya, ko a gidan biki, ba a rasa mai bayanin abin da ya sa aure ke yawan mutuwa, da abin da ya hana samari aikin yi, da dalilin da ya sa 'ya'yan yanzu ba sa jin magana. Amsoshin ma a shirye suke: rashin haƙuri, lalaci, taɓarɓarewar tarbiyya. To idan kowa ya riga ya sani, don me jami'o'i suka ware sashe guda na ilimin zamantakewa, da malamansa da ɗalibansa?

Wannan ilimi ya rabu da hira a wuri biyu. Na farko, yana neman dalili a cikin tsarin zaman jama'a, ba a zuciyar mutum ɗaya kaɗai ba. Na biyu, ba ya karɓar magana sai mai ita ya nuna hanyar da ya bi ya same ta.

Inda aka faro

Tun kafin Turai ta san da fannin, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima a 1377. A ciki ya soki marubuta tarihi masu kwashe labari yadda suka ji shi, har su ambaci yawan sojojin da ƙasar da ake magana a kanta ba za ta iya ciyarwa ba. A wurinsa, labari sai an gwada shi da yadda zaman mutane yake gudana. Ya kuma yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke ɗora wata jama'a a kan mulki. A ganinsa jin daɗin birni na cinye wannan ƙarfi cikin zuriya uku, sai wasu masu sabon haɗin kai su zo su karɓe.

A Turai kuwa, girgiza biyu ce ta haifar da fannin: juyin juya halin Faransa na 1789, da bunƙasar masana'antu da ta kwashe manoma daga ƙauyuka ta zuba su a birane irin su Manchester. Tsohon tsari ya rushe, masana suka shiga tambayar abin da ke riƙe da al'umma. Bafaranshe Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin suna a 1838, amma wanda ya nuna a aikace cewa ilimi ne mai hujja shi ne Emile Durkheim.

A 1897 Durkheim ya fitar da littafi a kan masu kashe kansu. Da gangan ya zaɓi batun, domin ba abin da ake ganin ya fi shi zama sirrin mutum shi kaɗai. Ya tattara ƙididdigar ƙasashen Turai, ɗan 'yar'uwarsa Marcel Mauss ya taya shi tantance bayanan mutum kimanin 26,000. Abin da ya gano ya ba da mamaki. Adadin kowace ƙasa bai cika canzawa daga shekara zuwa shekara ba, amma tsakanin rukuni da rukuni akwai tazara. Abin ya fi yawa a yankunan Furotesta bisa na Katolika, ya fi yawa a cikin gwagware bisa magidanta masu 'ya'ya, kuma yakan ragu a lokacin yaƙi, sa'ad da jama'a ke jin kansu a haɗe. Durkheim ya ce asirin yana cikin ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa: idan ta yi sako-sako, haɗarin ya ƙaru.

Daga baya an yi masa gyara. Wasu sun lura cewa a inda ake ganin abin babban abin kunya ne, dangi da jami'ai na iya rubuta wani sanadin mutuwa dabam, sai ƙididdigar ta karkace. Amma darasin ya zauna. Harshe, da doka, da sadaki, da kunyar suruki, duk mutum ya tarar da su ne, ba shi ya ƙirƙiro su ba, kuma suna juya shi ko yana so ko ba ya so. Ba'amurke C. Wright Mills ya ƙara fito da wannan a 1959: idan mutum ɗaya ne ba shi da aiki a gari, ana iya duba halinsa; idan miliyoyi ne, to a bar zancen hali a duba tattalin arzikin ƙasa.

Unguwa ɗaya, fassara uku

Ɗalibin shekarar farko yakan haɗu da manyan ra'o'i uku. Maimakon a haddace su, ya fi kyau a ga yadda kowanne zai karanta lamari guda, kuma akwai misali daga cikin gida.

Tsakanin 1962 da 1963, wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, ya fitar da littafinsa a 1969. A lokacin masana da dama na ganin cewa birni na narkar da ƙabila: wanda ya bar gida ya daɗe cikin baƙi zai saki al'adunsa. A Sabo sai Cohen ya tarar da akasin haka. Mutanen unguwar sun riƙe harshensu da suturarsu da sarkinsu, ba su cika auratayya da maƙwabtansu Yarabawa ba, alhali da yawa daga Yarabawan nan Musulmi ne. Bugu da ƙari, a farkon shekarun 1950 mafi yawan mazan unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, suka kuma ware masallacin Juma'arsu.

Ruwa ba ya tsami banza. Cohen ya bi sawun kuɗi, ya tarar da fatauci biyu a hannun mutanen Sabo: shanu daga Arewa zuwa Kudu, goro daga Kudu zuwa Arewa. Dukansu amana ce jarinsu. Mai shanu yakan sauka a gidan wani maigida, wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillalai, a sayar wa mahauta bashi, maigidan ya tsaya a kan kuɗin. Goro kuwa ba ya jira, sai da labarin farashi mai sauri da wakili amintacce a ɗaya gefen. Ba banki, ba takardar yarjejeniya. Abin da ke hana cin amana shi ne kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci kuɗin baƙo ba shi da sauran wurin zama a unguwar.

Ra'i na farko, wanda ya samo tushe daga Durkheim kuma Talcott Parsons ya faɗaɗa a Amurka, yana kallon al'umma a matsayin sassa masu dogaro da juna, sai ya tambayi aikin da kowace al'ada ke yi. Mai wannan ra'i zai ce sarauta da ɗariƙa da zaman unguwa ɗaya su ne ke samar da amanar da fataucin ke tafiya a kanta. Rauninsa shi ne yakan sa a ɗauka duk abin da ya daɗe yana da amfani.

Ra'i na biyu na Karl Marx ne da magadansa, kuma tambayarsa ita ce: wa ke ci, wa ake ci? Zo mu zauna, zo mu saɓa. A nan za a ga keɓewar Sabo a matsayin katangar da ta hana wasu shiga cinikin goro da shanu, kuma a cikin unguwar ma masu gidajen sauka ke da kaso mai tsoka, yaransu da 'yan dako na ƙasa. Bayanin Cohen kansa ya karkata nan. A ganinsa, da Turawa suka fara janye jiki, jam'iyyun siyasa suka taso, goyon bayan da hukuma ke bai wa sarkin unguwar ya yi rauni, sai ɗariƙa ta zama sabuwar hanyar tsara jama'a da kare kasuwarsu.

Ra'i na uku ya fi kula da ma'ana da mu'amalar yau da kullum. Bajamushe Max Weber ya dage cewa ba a fahimtar aikin mutum sai an san abin da aikin ke nufi a wurinsa, George Herbert Mead na Jami'ar Chicago da ɗalibinsa Herbert Blumer suka gina a kan irin wannan tunani. Mai wannan ra'i zai zauna wajen wazifa, ya lura da gaisuwa, da wanda ake durƙusa wa, da yadda baƙo ke zama ɗan gida. Zai kuma yi wa Cohen tambaya mai nauyi: a daidai wannan lokaci ɗariƙar na bazuwa a Kano da wasu garuruwa ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass, a inda Hausawa ba baƙi ba ne. Ashe ke nan kare kasuwa kaɗai bai isa bayani ba, dole a saurari abin da muridin ya ce ya kai shi.

Babu ɗaya cikin ukun da ya kwashe gaskiya duka. Amfanin ra'i shi ne ya nuna wa mai bincike inda zai duba da tambayar da zai yi.

Hanyoyin bincike da ramukansu

Hanya mafi shahara ita ce tambayar jama'a da takarda ko ta waya. Tunda ba za a iya tambayar kowa ba, sai a ɗebi samfuri. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu, sai ya soka ƙarfe sama da tsakiya da ƙasa, don ya san ana iya ɗora mai kyau a baki. Haka samfuri yake: inda aka ɗebo ya fi yawan abin da aka ɗebo muhimmanci.

Amurka ta koyi wannan a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma masu jin haushin gwamnati sun fi saurin mayar da amsa. Wani mai irin wannan bincike kuwa, George Gallup, da mutum kimanin 50,000 da aka zaɓo daga ɓangarori dabam-dabam, ya faɗi wanda zai ci daidai. Duk ƙuri'ar jin ra'ayi da ake yi yau a Facebook na cikin wannan haɗari, domin ba ta jin muryar wanda ba shi da waya ko kuɗin data.

Hanya ta biyu ita ce zama cikin mutane, irin wanda Cohen ya yi. Gani ya kori ji, kuma abin da mutane ke faɗi sau da yawa ya bambanta da abin da suke yi. Sai dai abin da aka gani a unguwa ɗaya ba hukunci ba ne a kan dukan ƙasa. Haka kuma mutane kan canza hali idan sun san ana kallonsu, matsalar da ta samo sunanta daga binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago tsakanin 1924 da 1932.

Hanya ta uku ita ce doguwar hira da tarihin rayuwa. Lokacin da wani masani mai suna M. G. Smith ke bincike a ƙasar Zazzau, akwai ƙofar da ba zai iya shiga ba, wato cikin gida wajen matan kulle. Matarsa Mary Smith ce ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, a 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Daga bakin mace ɗaya aka samu bayanin aure, da kishi, da ƙawance, da riƙon 'ya'ya, da zamanin bauta, wanda takardar tambayoyi ba za ta taɓa fito da shi ba. Wannan ya nuna cewa wanda ya yi tambayar ma yana da tasiri a kan amsar da za a samu.

Akwai kuma ramin da ya fi kowanne cin mutane: ganin abu biyu tare, sai a ce ɗaya ne ya haifi ɗaya. Idan aka tarar yaran da ke talla sun fi faɗuwa jarrabawa, ana iya ɗora wa talla laifi. Amma mai yiwuwa talaucin gida ne ya fitar da yarinyar talla, shi ne kuma ya hana ta littafi da abincin safe. Idan haka ne, hana talla kaɗai ba zai gyara sakamakon ba. Aikin mai bincike shi ne ya kwatanta yara daga gidaje masu ƙarfi ɗaya, masu talla da marasa yi, kafin ya yanke hukunci.

A kan duk waɗannan akwai amana. Ba a yi wa mutum tambaya sai da yardarsa, ba a bayyana sunansa, ba a kuma jefa shi cikin haɗari saboda abin da ya faɗa.

Amfaninsa ga wanda ba ɗalibi ba

Matsalolin da ke damunmu, daga barace-baracen yara zuwa shaye-shaye da rikicin manoma da makiyaya, duk ana yanke musu hukunci kullum a rediyo da kafafen sada zumunta, wani lokaci har a kafa doka a kan zato. Wa'azi da nasiha na da muhallinsu, amma idan tushen matsala na cikin rashin makaranta, ko ƙarancin gona, ko tsadar rayuwa, faɗa kaɗai ba zai kawar da ita ba.

Saboda haka, mai karatu, duk ranar da aka ce maka "bincike ya nuna", kada ka yi saurin gaskatawa, kada kuma ka yi saurin ƙaryatawa. Tambayi wanda ya yi binciken, da mutum nawa aka tambaya, da yadda aka zaɓo su, da waɗanda aka bari a baya. Wanda ya kasa amsa waɗannan, ra'ayinsa ya faɗa maka, ba bincike ba.