Haya ko Mallaka: Kundayen Manhajojin da Kamfani Zai Iya Girkawa a Ofishinsa

JOS — Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke wa Naira daraja, wani kashe kuɗi da a da ba a cika kula da shi ba ya fara fitowa fili a littattafan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da ɗakunan shan magani. Wannan kuwa shi ne kuɗin hayar manhajojin intanet, wato abin da ake biyan kamfanonin ƙetare kowane wata domin akwatin wasiƙa, da ma'ajiyar takardu, da lissafin ciniki, da taron ma'aikata ta hoton bidiyo.

Lissafin ba shi da wuya. A ce kamfani yana da ma'aikata 20, ana biya wa kowannensu Dala 6 a wata. Dala 120 ke nan. Sa'ad da Dala take wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin bai wuce Naira 55,200 ba. Da Dala ta kai Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, sai ya koma Naira 180,000, alhali kuwa ba a ƙara wa kamfanin komai ba. Bugu da ƙari, tun daga watan Janairun 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin ƙetare karɓar harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari a kan irin wannan ciniki.

Wannan ne ya sa ake ƙara jin maganar waɗansu kundaye da ke intanet, waɗanda ke jera manhajojin da mutum zai iya ɗauka kyauta ya girka a na'urarsa, a maimakon waɗanda yake haya. Abubuwa biyu ne suka haɗu a nan, ya kuma kamata a rarrabe su. Na farko shi ne buɗaɗɗen tushe, ma'ana masu manhajar sun fito da rubutun da aka gina ta da shi, sun kuma ba da lasisin kowa ya duba, ya gyara, ya rarraba. Na biyu shi ne riƙo da kai, wato a ɗora manhajar a kan babbar kwamfutar da masana ke kira uwar garke, wadda take hannun kamfanin da kansa, ko dai a ofis ko kuma a wata cibiyar ajiye na'urori da ya kama wuri a cikinta. Wanda ya yi haka ya tashi daga ɗan haya ya koma mai gida, da daɗin abin da kuma ɗawainiyarsa.

Mafi shahara cikin kundayen shi ne Awesome-Selfhosted, wanda aka fara a 2015 a dandalin GitHub, masu aikin sa kai ne kuma ke kula da shi. Yana ɗauke da manhajoji fiye da 1,000, an kasa su bisa ga aikinsu, kama daga lissafin kuɗi da sarrafa kayan sito har zuwa ɗakin karatu. A gaban kowace manhaja akwai taƙaitaccen bayani, da irin lasisinta, da harshen kwamfutar da aka rubuta ta da shi. Waɗanda lasisinsu ba na 'yanci ba ne an ware musu jeri dabam. Akwai kuma AlternativeTo, wanda waɗansu 'yan ƙasar Suwidin suka kafa a 2009. Shi wannan ya fi sauƙi ga ɗan kasuwa, domin sunan manhajar da ya saba da ita kawai zai rubuta a jero masa makwafinta, amma fa ya haɗa na kyauta da na kuɗi, sai an tace. A Faransa kuwa ƙungiyar Framasoft ta ƙaddamar da wani kamfe a 2014 na rage dogaro da Google da takwarorinsa, inda ta jera kowace hidima tare da abin da zai maye gurbinta.

Kaɗan daga cikin sunayen da mai dubawa zai yi ta cin karo da su: Nextcloud, wadda Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016, tana aikin ajiye takardu da raba su irin na Google Drive ko Dropbox. Jitsi Meet tana tsayawa a madadin Zoom. ERPNext, ta kamfanin Frappe da ke Mumbai a Indiya, da Odoo ta ƙasar Beljiyam, suna haɗa lissafin kuɗi da rasit da ƙididdigar kaya da albashi wuri guda. Makarantu suna da Moodle, asibitoci suna da OpenMRS.

Ga mutanen Jos wannan dabara ba baƙuwa ba ce, ko da yake ba kowa ne ya san tarihin ba. A 1999 wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarƙashin shirin Fulbright, ya kuwa ɗanɗana wahalar intanet ta wancan zamani, lokacin da buɗe shafi ɗaya kan cinye haƙurin mutum. Bayan ya koma Jami'ar Iowa sai aka kafa shirin WiderNet, wanda a 2001 ya fito da abin da aka sa wa suna eGranary, wato rumbu na zamani. Ana neman izinin masu littattafai da mujallu da shafuka, a kwafe su a faifai guda, a ɗora a na'urar da ke cikin harabar makaranta, ɗalibai su yi ta karatu ba tare da an taɓa layin waje ba. Sunan ya dace, domin duk manomin Mangu ko Bokkos ya san bambancin hatsin da ke rumbunsa da wanda zai auno a kasuwa. Haka kuma a 2009 Jami'ar Jos ta buɗe ma'ajiyar binciken malamanta a kan DSpace, manhaja mai buɗaɗɗen tushe, ana kuma lasafta ta a matsayin ta farko da ta yi haka a Nijeriya. A fannin lafiya ma, tsarin tattara alƙaluman asibitoci na ƙasa yana tafiya ne a kan DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorancin ginawa. Saboda haka ba abin wasan yara ake magana a kai ba.

Ban da kuɗi, akwai batun katsewa. Ran 14 ga watan Maris na 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da ofisoshi suka yi ta tangal-tangal na kwanaki. Kantin da lissafinsa ke wata na'ura a Turai ya tsaya jira, wanda nasa ke ɗakin baya kuwa ya ci gaba da yanka rasit. Kafin wannan, dakatar da Twitter da Gwamnatin Tarayya ta yi daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya nuna wa masu talla cewa rumfar da ba taka ba ana iya rufe ta ba tare da an shawarce ka ba.

To, amma kundi kundi ne kawai. Yana faɗin abin da ke akwai, ba ya faɗin abin da zai ci. A nan ne galibin masu zumuɗi kan yi tuntuɓe.

Wutar lantarki ita ce ta farko. Uwar garke ba ta barci, in ta mutu aikin ofis ya mutu. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta, kana tun watan Afrilun wannan shekarar aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, kafin daga baya a ɗan rage. Duk wanda zai ajiye na'ura a ofis, tilas ya sa kuɗin batura da inbata da faifan sola a cikin lissafi tun farko. Abin da Jos ta fi Kano ko Sakkwato a nan shi ne yanayi. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka ƙaramar na'ura a ɗaki mai iska ba lalle ne ta buƙaci na'urar sanyaya ɗaki dare da rana ba. Sai dai tsawar damina ta Filato ba ta da sabo, wanda bai sa abin kariya ba yana iya wayar gari da ƙonannen ƙarfe.

Na biyu shi ne mutum. Kuɗin da ake biyan kamfanin ƙetare ba na manhaja kaɗai ba ne, har da ladan injiniyoyin da ke gadin ta ba dare ba rana. Idan aka daina biyansu, to, wani ne zai ɗauki aikin: sabunta manhajar duk lokacin da aka gano wata ɓaraka, da kwafe bayanai kullum a ajiye a wani wuri dabam, da gwada ko kwafin yana buɗuwa. A watan Disambar 2021 an gano ɓaraka a wani ƙaramin ɓangare mai suna Log4j da ke cikin dubban manhajoji, duk wanda ke riƙe da na'urarsa sai da ya tashi tsaye da kansa. Abin daɗin shi ne wannan lada da Naira ake biyansa, a cikin gari kuma yake zama. Jos ba ta rasa matasa masu wannan sani ba, daga Jami'ar da kuma cibiyoyin koyar da fasaha irin su nHub. A ganinmu wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga tattalin arzikin jiha, ta fi ma ta rangwamen kuɗi, domin sau da yawa rangwamen bai kai yadda ake zato ba.

Na uku doka ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Ajiye bayanai a gida yana rage matsalar fitar da su ƙasashen waje, wadda ita ma dokar ta gindaya wa sharuɗɗa, amma idan aka sace su babu wani kamfani a Amurka da za a nuna wa yatsa.

Saboda haka karanta kundin ma sai da lura. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ranar da aka yi wa manhaja gyara na ƙarshe, da yawan masu aiki a kanta. Wadda mutum ɗaya ke riƙe da ita a lokacin hutunsa tana iya zama marainiya gobe. Sai lasisi, domin waɗansu kamfanoni kan ba da gangar jikin kyauta su sayar da muhimman sassa, kamar yadda Odoo take da bugu na kowa da kowa da kuma na kuɗi. Lasisi ma yakan canja: Redis ta janye nata na 'yanci a watan Maris na 2024, sannan ta dawo da wani buɗaɗɗe a 2025. Daga nan sai a tambaya ko manhajar tana barin mutum ya kwashe bayanansa cikin sauƙi ran da ya so tashi. Ita kanta Framasoft ta sanar a 2019 cewa za ta rufe waɗansu daga cikin hidimominta sannu a hankali saboda nauyin ya yi wa ƙaramar ƙungiya yawa.

Ba kowane abu ne kuma ya cancanci a ɗauko shi gida ba. Akwatin wasiƙa yana da wuyar sha'ani, domin manyan kamfanoni kan jefa saƙon da ya fito daga na'urar da ba su sani ba cikin kwandon shara, takardar neman kwangila kuwa ba abar caca ba ce. Haka nan kundayen cike suke da makwafin WhatsApp, amma dillalin dankali ko tumatir a kasuwar Farin Gada ba zai amfana da su ba, tun da masu sayen kayansa daga Ikko da Fatakwal suna can inda suka saba. Waɗanda abin ya fi yi wa rana su ne masu ma'aikata da dama da takardu masu yawa: makaranta, ɗakin shan magani, babban kantin sayar da magunguna, otal, ofishin lauyoyi. Su ma gara su soma da abu guda, kamar ma'ajiyar takardu ko ƙididdigar kayan sito, su gudanar da sabon tsari tare da tsohon na 'yan watanni kafin su yanke haya. Wanda kuma ba ya son ɗawainiyar wuta yana iya kama wuri a cibiyar ajiye na'urori ta cikin gida da ke karɓar Naira, ya girka manhajar a can.

Akwai wani abu ƙarami da kan jawo rigima daga baya. Idan an ɗauki ƙwararre ya girka tsarin, a rubuta yarjejeniya, a kuma tabbatar sunan shafin kamfani da babbar kalmar sirri da kwafin bayanai duk suna hannun mai kamfanin, da sunan kamfanin aka yi musu rajista, ba da sunan wanda ya yi aikin ba.