Kula da Tsohon Kare da Tsohuwar Kyanwa

A ƙasarmu kare da kyanwa ba su da gata irin na saniya ko doki. Saniya in ta yi tari nan da nan za a nemo malamin dabbobi, gama ita kuɗi ce. Amma kare sai ya shekara takwas yana gadin gida ko yana bin maharbi daji, ran da ƙafa ta gaza masa sai a ce ai tsufa ne, a bar shi a gindin katanga ƙudaje na cin kunnuwansa. Ni a ganina wannan butulci ne. Kowa dai ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

Da farko, yaushe ne za a ce sun tsufa? Babban kare yakan fara tsufa daga shekara 7, ƙarami kuwa yakan kai kusan 10. Kyanwa ma daga shekara 10 ta shiga sahun tsofaffi, ko da yake wadda ta sami kulawa takan wuce 15. Zancen da ake yi wai shekarar kare ɗaya daidai take da bakwai ta mutum kintace ne kawai, domin kwikwiyo kafin ya cika shekara guda ya isa haihuwa.

Abu mafi muhimmanci shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare. Mutane da yawa suna zaton in an yi wa kwikwiyo sau ɗaya shi ke nan har abada. Ba haka ba ne. A nan Nijeriya kowace shekara ake sabunta ta, kuma tsufa ba ya ɗauke wa kare wannan. Wannan ciwo ba na wasa ba ne, 'yan'uwana ɗalibai. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, in ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, in kuwa alamu suka bayyana to sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Tun 1885 wani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur ya gwada rigakafinsa a jikin wani yaro, ya kuwa tsira. Mu ma muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom ta Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Saboda haka ba mu da hanzari. Tsohon karen da ya saba da yaran gida ai shi ne ba wanda ke gudu, watau in ya kamu shi zai fi yin ɓarna. Kyanwa ma tana kamuwa, ita ma a yi mata. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen.

Sai kaska da ƙuma da tsutsar ciki. Waɗannan suna shan jini, tsohuwar dabba kuwa ba ta mai da jini da sauri. A riƙa ɗaga leɓenta ana duba dasashi. In ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ya yi ƙasa. Maganin tsutsa bayan kowane wata uku ya isa ga yawancinsu.

Tun da an buɗe bakin, a dubi haƙora. Kare yana da 42, kyanwa 30. In baki yana wari, ko dabbar tana tauna da gefe ɗaya tana zubar da abinci, haƙori ne ke ciwo, ba ƙyuya ba ce. A jiƙa mata tuwo da romo, a daina ba ta ƙashin kaza dafaffe, gama yakan tsage ya soki hanji.

Kyanwa ita ce mai wuyar sha'ani, don ta iya ɓoye ciwo ƙwarai. Abin da ya fi kama tsofaffinsu shi ne ciwon ƙoda. Alamarsa sai ka ga tana yawan shan ruwa, tana yawan fitsari, tana ramewa. Ƙodar da ta lalace ba ta komawa daidai, amma in an gane da wuri likita zai canja mata abinci ta ƙara shekaru. Kare kuwa ciwon gaɓoɓi ya fi damunsa, musamman da hunturu. Tsohon buhu ma in an shimfiɗa masa ya fi dandaryar siminti. Karya kuma a riƙa shafa nonuwanta, in an ji ƙullutu kada a jira ya girma.

Akwai wani taimako da ya fi rashinsa muni. Wani don tausayi sai ya ɗauko farasitamol ya ba kyanwa, alhali ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka nan wanke kare da maganin feshin gona ko baƙin mai don kashe kaska, wannan guba ce tsantsa. Maganin kaskar kare ma wani irinsa yakan kashe kyanwa. Albasa da tafarnuwa da ke cikin sauran miyarmu kuwa suna lalata jinin su duka biyu in sun yi yawa.

Likitoci sun fi son a kai tsohuwar dabba a duba ta bayan kowane wata shida, ko da lafiyarta ƙalau. Na san wani zai yi dariya ya ce mutum ma bai je asibiti ba balle kare. To, ko sau ɗaya ne a shekara, ran da aka je sabunta allura, a roƙi likita ya auna nauyinta, ya dubi baki da ido, ya rubuta a katinta. A adana katin nan wuri guda da takardun gida, domin ran da karen ya ciji ɗan maƙwabci shi za a fara tambaya.