Sakar wa Kasuwar Lantarki Mara da Zaɓen Mai Sayar da Wuta: Misali Daga Jihar Taksas

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake nufi da sakar wa kasuwar lantarki mara, da matsayin mutanen da ke shan wuta daga hukumar lantarki ta birninsu. An ɗauki Jihar Taksas ta Amurka a matsayin misali, domin ta daɗe a kan wannan tsari.

2.0 Yadda Tsarin Yake

A da, kamfani guda ne ke samar da wuta, ya jawo ta, ya kuma karɓi kuɗi. Dokar da majalisar jihar ta zartar a 1999, aka kuma buɗe kasuwa bisa ita ranar 1 ga Janairu, 2002, ta raba aikin gida uku: masu samar da wuta, da masu turaku da wayoyi, da 'yan kasuwar da ke saro wutar su sayar wa jama'a. Na ukun nan kaɗai mai gida ke zaɓa. Turaku da mita suna nan a hannun kamfani guda, kuma hukuma ce ke ƙayyade ladansa. Saboda haka canza mai sayarwa ba ya ƙara wa wuta ƙarfi, kuma idan ta ɗauke, masu wayoyin ne ke gyara.

3.0 Matsayin Hukumomin Birane

Dokar ba ta tilasta wa biranen da suka mallaki hukumar lantarki shiga kasuwar ba. Zaɓi ta ba su, amma wanda ya shiga ba ya fita. Ostin da San Antoniyo ba su shiga ba, don haka mazaunansu ba su da zaɓen mai sayarwa. Hujjarsu ita ce, hukumar mallakar jama'a ce, shugabannin birni ke sa ido a kan farashi, kuma wani kaso na kuɗin shiga yana komawa baitulmalin birnin. Labok ne ya fara shiga, inda mazaunansa suka koma hannun 'yan kasuwa a 2024.

4.0 Abubuwan Lura Wajen Zaɓe

Na farko shi ne farashi. Wajibi ne kowane kamfani ya nuna matsakaicin kuɗin wuta ga mai shan kilowat-awa 500 da 1,000 da 2,000 a wata, domin tsarin da ya yi wa babban gida araha yana iya yi wa ƙarami tsada. Na biyu shi ne wa'adin yarjejeniya da tarar da ake ci idan an warware ta kafin lokaci. Na uku kuwa, tsayayyen farashi ne ko mai hawa da sauka? A lokacin matsanancin sanyin Fabrairu 2021, farashin sari ya kai dala 9 kowace kilowat-awa, sai gidajen da suka ɗaura kuɗin wutarsu a kan farashin sari suka wayi gari da bashin dubban daloli. A shekarar ce aka haramta sayar wa gidaje irin wannan tsari. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

5.0 Kammalawa

A Nijeriya ma an rarraba aikin: a 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa, a 2017 kuma aka ba manyan masu shan wuta damar saye kai tsaye daga masu samarwa. Abin da misalin Taksas ya nuna shi ne, zaɓi ba ya amfanar mai gida sai ya fahimci abin da ya sa wa hannu, kuma akwai hukumar da ke tsawata wa 'yan kasuwa.