Birkin baya: Gyaran ƙofar gida da ran mai babur ya rataya a kansa a Bauchi

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Wunti da hantsi ya kasa kunne, zai ji wata ƙara da ke fita daban a cikin hayaniyar ababen hawa: siririn kukan ƙarfe yana gugar ƙarfe, a duk lokacin da wani mai babur ya taka birki don kauce wa Keke Napep. Kunnen mutanen gari ya saba da ita har ba a waiwayawa. Bakanike kuwa ya san abin da take nufi a mafi yawan lokuta. Fatar birkin baya ta cinye, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya fara cin cibiyar taya.

Babur shi ne jakin birnin Bauchi na wannan zamani. A kansa malamin firamare ke fitowa daga Yelwan Tudu da sassafe, a kansa ɗalibi ke kai da komowa tsakanin Gwallameji da cikin gari, a kansa ake ɗauko buhun masara daga kasuwar Muda Lawal, ko a ɗora uwargida da yara biyu a kai su asibiti. Ko a shekarar 2020, da gwamnatin Bala Mohammed ta sanar da hana sana'ar acaɓa a lokacin annobar korona, babur ɗin hawa na gida bai bar titi ba. Abin da ya sauya shi ne kuɗin riƙe shi. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, litar da farashinta na gwamnati bai kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dala ma ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, alhali galibin kayan gyaran babur daga Indiya da China ake shigo da su. Dole mai babur ya koma lissafin abin da zai iya yi da hannunsa, ya huta da biyan ladan gyara.

Juyen baƙin mai da ɗaure cen su ne darasin farko. Na gaba shi ne birkin baya. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba, kuma aikin bai fi ƙarfin duk mai haƙuri da sifana uku ko huɗu da filaya ba. Sai dai wanda ya yi kuskure a juyen mai, inji zai ɓata. Wanda ya yi kuskure a nan, sai a bakin mahaɗar hanya zai sani.

Abin da ke cikin cibiyar taya

Kusan duk baburan da suka cika titunan Bauchi, daga Bajaj Boxer da TVS zuwa Jincheng da Haojue da ƙananan da ake kira roba-roba, birki iri ɗaya ke gare su a baya. Tsohuwar fasaha ce, wadda ake danganta ta da Louis Renault na Faransa tun 1902. Cibiyar tayar tana da rami kamar kwano. A cikin kwanon akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne an manna masa wata fata mai kaushi a baya. Su ne takalman birki, waɗanda masu shago ke kira birek shu. Sifirin biyu ne ke riƙe da su a haɗe. Tsakanin bakunansu akwai wani ɗan ƙarfe mai faɗi kamar bakin sukundireba. Idan mahayi ya taka feda, doguwar sandar ƙarfe ta ja hannun da ke wajen taya, hannun ya murɗa wannan ɗan ƙarfe, shi kuma ya buɗa takalman su matse jikin kwano. Gugar da ke tsakaninsu ita ke tsayar da babur, kuma ita ke cinye fatar sannu a hankali.

A Bauchi tana cinyewa da wuri, saboda an ɗora wa birkin baya nauyin da ba nasa ba. Masu koyar da tuƙin babur a duniya suna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa, domin idan aka rage gudu nauyi gaba yake komawa. Amma a nan an gaji tsoron birkin gaba, ana cewa yana kayar da mutum. Tsoron yana da tushe, domin wanda ya damƙe shi da ƙarfi a kan yashi ko tsakuwa zai sha ƙasa, kuma lungunan Jahun da Bakaro ba su rasa yashi ba. Sai dai maganin da aka samo ya fi cutar muni: akwai baburan da wayar birkin gabansu ta tsinke tun bara ba a mayar ba. Ga goyo, ga kaya, ga masu ɗora ƙafa a kan feda suna tafiya birki na gogawa ba su sani ba. Da damina ruwan kwata ya shiga kwano da laka, da hunturu ƙura ta shiga ta zama samfefa.

Mai saukowa daga Jos ya fi kowa sanin iyakar wannan birki. Jos na sama da mita 1,200 daga matakin teku, Bauchi kuwa wajen rabin haka, don haka akwai gangara masu tsawo a hanyar da ta bi ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo. Idan aka danne birkin baya shi kaɗai a irin wannan wuri, kwano ya yi zafi ya ɗan buɗe, fatar ta yi santsi, sai feda ta riƙa nutsewa babur na tafiya abinsa. Kuma lissafin gudu ba ya da tausayi: idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya ninkawa huɗu yake yi.

Notin da ke ruɗin mutane

A ƙarshen doguwar sandar nan akwai noti guda, wanda ko da hannu ana iya murɗa shi. Idan birki ya yi sako-sako, a ɗaure shi zagaye biyu ko uku, sai ya dawo garau. Don haka aka yi shi, amma yana da iyaka, kuma a nan yawancin masu gyaran gida ke ruɗuwa. Noti ba ya ƙara wa fata kauri. Abin da yake yi shi ne ya ƙara murɗa ɗan ƙarfen da ke tsakanin takalman, ya matso da su kusa da kwano. Sabuwar fata takan kai kaurin milimita 4, kuma littattafan kamfanoni da dama sun ce da ta sauko milimita 2 a canza ta. Idan aka ci gaba da ɗaure noti bayan haka, wata rana ɗan ƙarfen zai miƙe tsaye sosai, ya zarce, ya ƙi komawa. Taya ta ƙulle a tsakiyar titi, ga mota a baya.

Alamar tana waje, ba sai an kwance komai ba. A taka feda a dubi hannun birki da sandar da ke jansa. Muddin kusurwar da ke tsakaninsu ta buɗe ta wuce ta lungun ɗaki, takalman sun gama aiki. Wasu baburan ma suna da 'yar kibiya a wurin, da alamar da za ta nuna idan lokaci ya yi. Akwai dabaru biyu da suka yaɗu don jan kwana: a zare hannun a mayar da shi baya da haƙori ɗaya ko biyu, ko a yanko gwangwani a naɗa a bakin takalman. Duka biyun suna ɓoye alamar ne, fatar na nan yadda take, har ranar da ƙarfe zai sassaƙe kwano. A lokacin kuɗin cibiyar taya sukutum za a nema, wanda ya ninka na takalmi sau da yawa.

Wurin saye ma akwai jarrabawa. A shago guda za a fito da kwali biyu ko uku masu suna iri ɗaya, farashi daban-daban, a ce wannan ɗan kamfani ne, wannan kuma mai sauƙi. Araha ba ta ado. Babban aibin jabu shi ne mannin da ke riƙe da fatar, domin idan ya sha zafi ko ruwa tana iya ɓallewa ta cushe a cikin kwano. Mai wayo yakan kwance tsohon ya tafi da shi, ya jera su ya ga tsawo da faɗi sun zo ɗaya, ya duba gefen fatar ko akwai inda ta ɗaga, ya kuma nemi sababbin sifirin a cikin kwalin.

Aikin kansa ba shi da tsawo. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai tauri, a shimfiɗa buhu, domin ƙaramin noti idan ya faɗa rairayin ƙofar gida sai an yi tankaɗe. Wayar hannu ta kawo sauƙi: a ɗauki hoto kafin a taɓa komai. A kwance notin sanda, a kwance ƙarfen da ya ɗaure murfin birki da jikin babur, sannan a kwance babban noti a zare dogon ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, ana lura da zoben da ke gefe da ɓangaren da yake. A wasu baburan cen yana zama a wurinsa, a wasu sai an sauke shi. Idan taya ta fito, murfin zai zaro da takalman a jikinsa. A kama su a naɗe su kamar ana rufe littafi, za su fita tare da sifirin. Sababbin ma haka ake mayar da su, a maƙala sifirin tukuna, a ɗora su a buɗe, a danna.

Baƙar ƙurar da ke cikin kwano ta cancanci a dakata a kanta. Abin da hannu ke saurin yi shi ne a kai baki a hure. An daɗe ana haɗa fatar birki da asbestos, wanda aka sani a silin da kwanon rufi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa shaƙar ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu, wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2005, Amurka ta sanar da haramcin nau'in da ya rage a Maris na 2024. Kwalin takalmi mai araha ba ya faɗin abin da aka haɗa shi da shi. Tsumma mai danshi ya isa, a goge a jefar, yara kuma su matsa. Su ne kullum ke tsugune a kusa suna miƙo sifana.

Giris ɗan kaɗan ake shafawa a jikin ƙarfen da ke murɗawa da inda takalman ke juyawa, gwargwadon abin da kan yatsa zai ɗauka. Ko ɗigo bai kamata ya taɓa fata ko cikin kwano ba. Takalmin da ya sha mai ya tashi daga aiki, wanke shi da fetur ko babbaka shi da wuta ba ya dawo da shi.

Ɗan hakin da aka raina

Wurin mayarwa ne aka fi yin asara. Ƙarfen da ke ɗaure murfin birki da jikin babur shi ke hana murfin bin taya idan takalman suka kama. Notinsa yana da wani ɗan fil mai baki biyu da ake zurawa a lanƙwasa, don kada girgiza ta kwance shi. Fil ɗin yakan karye wurin cirewa, sai mai gyara ya ce gobe zai sayo, ko ya cusa ƙusa ko guntuwar waya. Idan notin nan ya fita ana tafiya, takun birki na farko zai juya murfin gaba ɗaya, ya nannaɗe sanda, ya fizge feda, taya ta tsaya cak. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Ba a ƙidaya nawa ne daga ciki fil na 'yan nairori ya jawo.

Tsofaffin kanikawa suna da wata dabara da ta dace a ara: kafin a ƙarasa ɗaure babban noti, a juya taya a taka birki a riƙe, don takalman su zauna daidai a tsakiyar kwano, sannan a ɗaure. A duba cen bai yi tauri ba, alamomin da ke gefe biyu sun yi daidai, taya ba ta karkace ba. A ɗaure notin sanda har feda ta riƙa sauka kimanin santimita 2 zuwa 3 kafin birki ya kama, a juya taya a ji ba ta gogawa. A waiwaya a ga danja na kamawa da an taka, domin direban da ke baya da ita yake karanta niyyar mai babur.

Akwai inda ya kamata mai gyaran gida ya ajiye sifana ya tura babur wurin masu sana'a: idan cikin kwano ya yi zurfin layi har farce na maƙalewa, idan feda na bugun ƙafa alamar kwanon ya bar da'ira, ko boris na taya yana wasa. Haka 'yan tsirarun manyan baburan da birkin bayansu na faifai ne mai aiki da ruwan birki. Canza fatarsu ya fi sauri, amma dole a tattaka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin a motsa, in ba haka ba takun farko iska za a taka.

Sabon takalmi ba ya kamawa sosai a kwanakin farko, sai fatar ta goge ta bi siffar kwano. Gwajin farko a lungu ake yinsa, a giya ta ɗaya, ba goyo, a taka a saki sau goma ko fiye, sannan a sauka a taɓa cibiyar taya da bayan hannu. Idan ta yi zafin da ba ya taɓuwa bayan 'yar wannan tafiya, noti ya matse da yawa, a sassauta shi rabin zagaye a sake gwadawa. Titin Jos da kasuwar Wunti sai bayan nan.