Yaƙin kwana goma a kan shingayen kwastan

A shirin makon jiya wani mai fataucin shanu ya bugo mana waya yana tambaya, wai shin an taɓa yin yaƙi saboda ofishin kwastan, wato duwan? An taɓa, Alhaji. A Turai ma aka yi shi, a wata ƙaramar ƙasa mai suna Sulobeniya, a shekarar 1991.

Ita Sulobeniya a da jiha ce, ɗaya daga cikin shida da suka haɗu suka yi tarayyar Yugoslabiya. Mutanenta wajen miliyan biyu ne kacal, amma ita ce ta fi sauran arziki, kuma ita ke bakin iyaka da Italiya da Ostiriya. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga yammacin Turai ta nan suke shigowa, kuɗin fiton kuma a tura shi Belgired, babban birnin tarayya. To kun ga inda gizo ke saƙar.

Ranar 23 ga Disamba 1990 aka yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 88 cikin ɗari na masu rajista suka ce a ɓalle. Ranar 25 ga Yuni 1991 majalisarsu ta ayyana 'yanci. Abin da suka fara yi shi ne karɓe shingayen iyaka. Ba su sha wata wahala ba, don yawancin 'yan sanda da ma'aikatan kwastan ɗin 'yan ƙasa ne. Tuta aka sauke aka ɗaga wata, aka canza allo, shi ke nan.

Belgired ta ce ba ta san zance ba. Ranar 27 ga wata tankokin sojan tarayya suka fito daga bariki, suka nufi iyakoki da filin jirgin saman Birnik, kusa da Lubiliyana, babban birnin Sulobeniya. Sun ɗauka ganin tanka kawai ya isa. Ashe mutanen sun daɗe da shiri, sun ɓoye makamai, dakarunsu na gida da 'yan sanda kuma sun san kowane lungu da kowace kwana ta hanyoyin duwatsun nan. Suka gitta tireloli da bas-bas a kan titi, suka kewaye barikoki, suka yanke musu ruwa da wuta. Sojojin tarayyar kuwa galibi yara ne 'yan bautar dole daga jihohi daban-daban, wasu ma ba a gaya musu da wa za su yi faɗa ba. Dubbai suka miƙa wuya.

Akwai wurin da ya fi taɓa ni a labarin nan. Cikin motocin da shingayen suka tare har da na direbobin ƙasashen waje, masu wucewa da kayansu, ba ruwansu da rigimar. Jiragen yaƙin tarayya suka zo buɗe hanya a Medbejek, suka yi ruwan wuta a kan layin motocin, direbobi suka mutu. Duk wanda ya taɓa kwana a layi a bakin boda ya san ba inda mutum zai gudu ya bar motarsa da kayan amana. Gaba ɗaya mutanen da yaƙin ya ci ba su kai ɗari ba: sojan tarayya arba'in da 'yan kai, 'yan Sulobeniya kusan ashirin, baƙi goma sha biyu.

Me ya sa bai ja ba? Sabiyawa ba su da yawa a Sulobeniya, don haka shugabansu Miloshebic bai ga abin da zai zubar da jini a kansa a can ba, idonsa na kan Kuroshiya da Bosniya, inda daga baya aka shekara da shekaru ana kashe-kashe. Ƙasashen Turai suka shiga tsakani, aka sa hannu a tsibirin Biriyoni ranar 7 ga Yuli. Sulobeniya ta yarda ta jingine batun 'yanci na wata uku, kuɗin fito ya ci gaba da zama na tarayya, amma shingayen suka zauna a hannun 'yan sandanta. A ganina nan aka gama magana, don mai riƙe da ƙofa shi ke da gida.

A ƙarshen Oktoba sojan tarayya na ƙarshe ya hau jirgin ruwa a tashar Koper ya tafi. A Disamban 2007 kuma, bayan ƙasar ta shiga Tarayyar Turai, aka ɗage binciken fasfo a waɗannan shingaye na Italiya da Ostiriya da aka yi faɗa a kansu.